Duwatsun da Aka Tsamo Daga Kogin Neretba

Na fi minti goma zaune a kan dutsen nan ban san abin da na hau ba. Ƙafa ta gaji, rana ta take, sai na ga wani ƙaton farin dutse a bakin ruwa, bayansa a shimfiɗe kamar don masu hutawa aka ajiye shi. Na haye, na tuɓe takalmi, na ɗaga kai ina kallon gadar garin Mostar na ƙasar Bosniya, wadda muka yi takakkiya don mu gani. Yaya kuwa tun da muka sauko bai kalli sama ba. Yana ta kewaya wurin, kai a sunkuye, kamar wanda allura ta ɓace masa.

"Kai, ɗan matsa mini," in ji shi.

"Lafiya, Yaya?"

"Matsa dai. Ga gadar a ƙarƙashinka, kai kana can kana kallon ƙanwarta."

Na miƙe ƙafa ba takalmi. Daidai inda cinyata take, ga wani baƙin ƙarfe kwance a cikin dutsen, an sassaƙa masa gurbi an binne shi, bakinsa biyu sun lanƙwasa sun nutse ciki. A lokacin na lura ashe ba dutse ɗaya ba ne. Duwatsu ne sassaƙaƙƙu da aka ɗaure da juna, suka faɗo a haɗe, kuma har yau ba su saki juna ba.

Bari in koma baya kaɗan.

Daga Sarayebo, babban birnin Bosniya, muka taso da jirgin ƙasa na safe. Tafiyar kamar awa biyu ce, amma ba irin wadda ake gyangyaɗi a cikinta ba. Jirgin ya shiga cikin dutse ya fito, ya sake shiga wani, yana gangarawa a karkace har garin Konyits, inda kogin Neretba ya tare mu. Daga nan ba mu rabu da shi ba. Ban taɓa ganin ruwa mai wannan launi ba, kore shar kamar an rina shi, yana ratsa tsakanin duwatsun da sai ka manna fuska a gilashin taga kafin ka hango ƙarshensu. Yaya injiniyan gine-gine ne, shekara talatin yana fama da siminti da rodi, kuma shi ya nace sai an zo Mostar. Ni dai hoto na zo ɗauka, gara in faɗi gaskiya tun yanzu.

Daga tasha zuwa tsohon gari tafiyar ƙafa ce, kana bin gabashin kogi ka yi kudu. Tun kafin ka ga gada garin ya fara ba ka labarin kansa. Ga shago sabo fil, fenti yana ƙyalli, jikinsa ga bene babu rufi, bango duk huji kamar rariya, bishiya ta leƙo ta taga. Muka bi ta wata maƙabarta a tsakiyar gari wadda da can filin shan iska ne. Na tsaya ina karanta fararen duwatsun kaburburan. Shekarun haihuwa kowa da tasa, shekarar rasuwa kuwa kusan duk ɗaya: 1993, 1993, 1993. Muka yi musu addu'a, muka wuce.

Sai kasuwar maƙera, wadda suke kira Kuyunjiluk, siririn lungu da aka daɓe da duwatsun kogi. Ana ta ƙwanƙwasa tagulla, ana sayar da tsaraba, har da alƙaluman da aka ƙera da kwanson harsashi. A wani saƙo an jingine dutse, an rubuta masa da baƙin fenti cikin Ingilishi cewa kada a manta, aka sa 93. Ina ɗaga kai daga kansa sai ga ta.

Ba ta kai girman da na zata ba. Bakan gizo ne guda ɗaya tak, babu ginshiƙi a cikin ruwa, ya taso daga wannan gaɓa ya dira a waccan, tsakiyarsa siririya har kana jin tsoron kada iska ta karya shi. Tazarar da ke tsakanin ƙafafun biyu ta ɗan gaza mita 29, faɗin gadar mita 4, tsayinta daga ruwa a lokacin zafi kamar mita 20. Hasumiya biyu ke gadinta, Tara a gabas, Halebiya a yamma. Sunanta Stari Most, wato Tsohuwar Gada. Shi kansa garin daga masu gadin gada ya samo sunansa, waɗanda ake ce wa mostari.

Kafin ita gadar katako ce a wurin, rataye da sarƙoƙi, tana lilo da duk mai tsallakawa. A 1557 Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkawa ya ba da umarni a gina ta dutse. Aka damƙa aikin a hannun Hairuddin, almajirin shahararren magini Sinan. Shekara tara ana yi, aka gama a 1566, shekarar da shi Sultan ɗin ya rasu. Mutanen gari suna da labarin da suke ba baƙi, wai ranar da za a zare katakan da aka tokare bakan da su, Hairuddin tafiya ya yi ya shirya kabarinsa, don an gaya masa in ta rushe kansa ne fansa. Labari ne dai. Amma wanda ya tsaya a ƙarƙashi ya kalli sirantar tsakiyar nan ba zai yi wa Hairuddin dariya ba.

Hawanta akwai aiki. Ta yi tudu sosai, daɓen kuma santsi gare shi kamar an shafa mai. An yi wa daɓen wasu haƙarƙarin dutse a gicciye, taki bayan taki, don ƙafar mutum da kofaton dabba su sami abin tokarewa. Duk da haka sai da na zame na rungumi ƙarfen gefe, wata tsohuwa da jakar cefanenta ta wuce ni ko kallona ba ta yi ba. Muka sauka a yamma, muka bi wasu matakala zuwa gaɓa, inda wani ɗan rafi mai suna Radobolya yake zubowa cikin Neretba. A nan ne na zauna a kan abin da na zauna.

Yaya ya durƙusa, ya ciro biro, ya fara nuna mini kamar ya samu ɗalibi.

"Ka ga wannan ƙarfen? Aikinsa ya kama dutse biyu da ke maƙwabtaka, kada su rabu. Yanzu leƙo nan." Ya zagaya da ni gefen da ya karye. Akwai wani rami mai kusurwa huɗu a fuskar dutsen, zurfinsa kamar tsawon yatsa. "Nan kuma turke ake sawa, rabinsa a wannan dutse, rabinsa a wanda zai hau kansa. To amma ƙarfe da ruwa ba sa ga maciji. In danshi ya same shi zai yi tsatsa, in ya yi tsatsa zai kumbura, in ya kumbura shi zai fasa dutsen da aka sa shi ya riƙe. Me suka yi?"

Na ce ban sani ba.

Ya ɗora bakin biro a kan wata siririyar hanya da aka sassaƙa a fuskar dutsen, kamar hanyar tururuwa, ta taso daga gefe ta faɗa cikin ramin. "Darma. Sai an ɗora dutse a kan dutse, turke ya ɓuya a ciki, sannan a narka darma a zuba ta nan. Ta gangara ta cika ramin, ta lulluɓe ƙarfen, ta daskare. Ruwa ba shi da hanya. Kuma darma tana da taushi, in ƙasa ta motsa takan ba da ɗan wuri, ba ta yin gardama har abu ya tsage." Ya kankare gefen ƙarfen da farce a hankali. Ƙarƙashin dattin ga abu toka-toka, mai laushi, yana ɗaukar sawun farce. Na sa yatsa na taɓa. Wani mutum ne ya tsaya a kan katako, sama da wannan ruwan, da ludayin darma tana tafasa, ya zuba ta nan fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce, hannunsa bai karkace ba.

Abin da ya fara tsaya mini a rai ke nan. Gadar da ke tsaye a sama ita ma haka aka ɗaure ta, da ƙarfe da darma, amma ko ka kwana kana kallonta ba za ka gani ba, don duk aikin a ciki yake. Sai da ta karye sannan cikinta ya fito. Wanda yake son ya san yadda aka gina Stari Most, a gaɓa zai koya, ba a sama ba.

Muna cikin haka wani dattijo da ke zaune can gefe da sandarsa ya yi mana sallama. A can dattijo amija ake ce masa, wato baffa, mun koyi wannan tun a Sarayebo. Yaya ya amsa, ya ce, "Amija," ya nuna dutsen da alamar tambaya. Ba ma jin yarensa, ba ya jin namu. Ya ɗaga sanda ya nuna gadar sama, ya ce, "Novi." Ya sauke ta ya ɗan bugi dutsen da na zauna a kai, a hankali kamar mai taɓa kafaɗar aboki, ya ce, "Stari." Sabuwa, Tsoho. Daga baya na ji cewa mutanen Mostar ba sa ma cika faɗin sunan gadar duka, Stari kawai suke cewa, kamar yadda ake kiran dattijon gida. Bai ƙara komai ba, mu ma ba mu nemi ƙari ba.

Muka sake hawa, muka tsallaka gabas, muka shiga gidan tarihin gadar da ke cikin hasumiyar Tara, wanda aka buɗe a 2006. Da can wurin ajiyar albarushi ne, bangon kauri gare shi, matakalar kuma ƙunci. Hawa bayan hawa akwai zane-zane da bayanin yadda aka yi ginin, daga can ƙololuwa kuma kana ganin rufin tsohon gari duka. Yaya ya daɗe a gaban wani zane da ke nuna cewa cikin kafaɗun gadar ba cike yake da dutse ba, an bar kogo don a rage wa bakan nauyi. Ni abin da ya fi kama ni yana ƙasa. Lokacin da ake haƙa don sake gini an ci karo da ragowar gadojin katako biyu da suka riga ta dutse, ba a binne su ba, aka bar su inda aka same su, aka yi wa mutane hanyar wucewa ta gefensu. Kana tsaye cikin sanyin ƙarƙashin ƙasa kana kallon inda aka kafa katako tun kafin a haifi Hairuddin.

Sai ɗakin hotuna, da allon da ke nuna faifan ranar.

Yaƙi ya iso Mostar a 1992. Da farko Kuroshiyawa da Musulmin Bosniya tare suka kare garin daga sojojin Yugoslabiya da Sabiyawa. A watan Mayun 1993 abokan jiya suka juya wa juna baki, dakarun Kuroshiyawan Bosniya suka yi wa gabashin gari ƙawanya wata da watanni. Sauran gadojin garin da ke kan Neretba kusan duk an riga an karya su. A hotunan za ka ga abin da mutane suka yi don su ceci Stari: sun rataya masa tsofaffin tayoyin mota a jiki don su rage ƙarfin harsashi, sun yi masa rumfar katako da kwano don masu tsallakawa su ɓuya daga masu harbi daga nesa. Taya a jikin aikin almajirin Sinan. Abin ya yi kama da wasan yara, amma abin da suke da shi ke nan.

Tankar yaƙi ta fara dukansa ranar 8 ga Nuwamba, ta ci gaba washegari. Harsasai fiye da sittin ya sha. A faifan kana ganin ƙura tana tashi duk bugu, dutse yana ɓarewa, shi kuwa yana tsaye. Sai da safiyar 9 ga Nuwamba, 1993, bayan ƙarfe goma kaɗan, tsakiyar ta saki, komai ya bi ta, ruwa ya yi tsalle sama ya rufe. Shekara 427. Mu kamar takwas ne a ɗakin, daga ƙasashe dabam-dabam, babu wanda ya yi tari. Faifan ya koma farko, muka sake kallo.

Kotun duniya da ke Hague ta ɗaure shugabannin Kuroshiyawan Bosniya shida a 2013 kan laifukan yaƙi. A ɗaukaka ƙara a 2017 an tabbatar da ɗaurin, amma a kan gadar alƙalai suka ce tunda sojoji suna amfani da ita, ta zama abin da doka ta yarda a hara. A wannan zaman ne ɗaya daga cikinsu, Janar Slobodan Praljak, ya sha guba a gaban alƙalai ya mutu. Na faɗi wannan ne don a san maganar wanda ya rusa gadar da dalilin rusa ta ba ta mutu ba a garin, kowane ɓangare da yadda yake ba da ita.

Duwatsun sun kwana a ƙarƙashin ruwa kusan shekara huɗu, gadar wucin gadi ta igiyoyin ƙarfe tana lilo a samansu. A 1997 sojojin Hangari masu nutso, daga cikin rundunar kiyaye zaman lafiya, suka fara tsamo su, ana ɗaurewa ana ɗagawa da inji ana jerawa a gaɓa. Fatan kowa a lokacin shi ne a mai da kowane dutse gurbinsa. Da masana suka gwada su, sai aka ga ba za su ɗauki kaya ba.

Na ce wa Yaya wannan bai kwanta mini ba. Dutsen da na zauna a kai ko giwa ta hau ba zai motsa ba.

Ya haɗa yatsun hannuwansa biyu ya yi baka da su. "Ƙanina, bango daban, baka daban. A bango, in dutse ɗaya ya lalace sauran suna rufa masa asiri. A baka kowane dutse yana tura nauyi ga na kusa da shi, har ya isa gaɓa. In ɗaya yana da tsaga a ciki wadda ido ba ya gani, ba shi kaɗai zai tafi ba." Ya zare yatsa ɗaya, hannuwan suka rufta. "Dutsen da ya sha igwa, ya faɗo daga mita ashirin, ya jiƙa shekara huɗu, za ka sa hannu a takarda ka ce 'yan makaranta su bi ta kansa?"

Don haka aka koma inda Hairuddin ya samo nasa. Dutsen ana ce masa teneliya, fari ne mai ɗan ruwan ƙwai, yana da taushin sassaƙa in an haƙo shi sabo, sai ya sha iska yake ƙara tauri. Mahaƙarsa tana Mukosha, 'yan kilomitoci kudu da gari. Bankin Duniya da UNESCO da gidauniyar Aga Khan suka shige gaba, ƙasashe irin su Italiya da Holan da Turkiyya da ita kanta Kuroshiya suka ba da kuɗi, aikin ya ci kimanin dala miliyan 15 da rabi. An fara a 2001, wani kamfanin Turkiyya ya ɗora bakan, aka sassaƙa duwatsu 1,088, ana bin tsohon awo da hotunan da aka ɗauka kafin yaƙi. Tsofaffin duwatsun da aka tsamo su suka zama malamai: a jikinsu aka karanta girman ƙarfe, da zurfin rami, da hanyar darma. Aka buɗe ta ranar 23 ga Yuli, 2004, shekara ta zagayo UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Wasu 'yan gari da zolaya suna ce mata Sabuwar Tsohuwar Gada.

Bayan la'asar muka hau hasumiyar masallacin Koski Mehmed Pasha, ginin wajen 1618, inda ake ɗaukar hoton da kowa ya sani. Matakalar tana murɗawa kamar igiya, in kun haɗu da mai saukowa sai ɗaya ya manne da bango. Daga sama na ga abin da takardun 'yan yawon buɗe ido ba sa faɗa. Ana yawan cewa gadar ta haɗa Musulmi da Kirista, gabas da yamma. Amma ƙafafunta biyu duk cikin tsohon garin Musulmi suke. Iyakar yaƙin wani faffaɗan titi ne can yamma, Bulebar, kuma a bayansa kana hango doguwar hasumiyar coci, da ƙaton gicciyen da aka kafa a kan dutsen Hum a shekarar 2000. Garin nan daga 2008 har 2020 bai yi zaɓen ƙaramar hukuma ba saboda an kasa daidaitawa kan yadda za a raba kujeru. Dutse ya haɗu da dutse, mutane kuma suna tafiya da nasu saurin.

Daga can sama na nemi duwatsun gaɓa. Ga su can, 'yan farare, mutane sun hau kansu kamar tsuntsaye.

Dalilin hawan shi ne masu tsalle. Al'ada ce tsohuwa, matafiyin nan Baturke Ebliya Calabi ya ga samari suna faɗawa ruwa daga kan gadar tun ƙarni na 17, kuma tun 1968 ake gasa duk ƙarshen Yuli. Lokacin da muka koma gaɓa wani saurayi yana tsaye a bayan ƙarfen gada, abokinsa yana zagayawa yana tara kuɗi a hannun baƙi. Sai ya buɗe hannu kamar zai tafi, jama'a su yi ihu, ya fasa. Da kuɗi suka kai yadda ake so, ya kwara wa kansa ruwan sanyi don jiki ya saba, tunda Neretba ko a tsakiyar zafi ƙanƙara ne, ya ja numfashi, ya taka iska. Kowa ya ɗaga waya. Wata yarinya tana tsaye a kan ƙarfen Hairuddin da takalminta, tana ɗaga dunduniya don ta gani da kyau.

Raina ya ɓaci, har na manta ni ma ɗazu a nan na shimfiɗa ƙafa. Na ce, "Yaya, wannan ai wulaƙanci ne. Kamata ya yi a kwashe su a kai gidan tarihi, a sa a gilashi, a kewaye da igiya."

"A kai ina?"

"Ko'ina mai rufi. Ko Sarayebo ma."

Ya yi shiru, sannan ya ce shi ba takalmin yarinyar ne ya dame shi ba. Dutsen da aka yi shekara ɗari huɗu ana takawa ba zai ji haushin taki ba. Abin da ya dame shi ƙarfen ne. Inda darma ta ɓare, ƙarfe ya fito fili, ruwan sama yana dukansa, da sanyi kogi yana cika ya hau gaɓa. Tsatsar da Hairuddin ya yi dabara ya hana, yanzu tana da ƙofa. In shi ne, zai zaɓi 'yan ƙalilan waɗanda ɗaurinsu ya fi fitowa sarai ya kai su inuwa, nan kusa, ya bar manyan inda suke.

Na daɗe ina juya maganar, har fitilu suka kama a jikin gadar. Na gwada kai dutsen nan wani zaure mai sanyi a zuciyata, na ɗora shi a kan dakali, na rubuta masa suna da shekara. Sai na ga ya koma dutse kawai. Mai kallo zai karanta, ya gyaɗa kai, ya wuce zuwa kwalaye na gaba. A nan kuwa ba ka bukatar kowa ya yi maka bayani mai tsawo. Ka ɗaga kai ka ga inda yake da, ka sauke ka ga inda ya faɗo, tsakani ga mita ashirin na iska. Nisan nan shi ne rabin labarin, kuma ba ya shiga mota.

Akwai wani abu kuma. Sabuwar gadar an yi ta da kyau ƙwarai, kyan da har ya zama abin tsoro. Kowace shekara farinta yana daɗa dusashewa, ruwan sama yana ja mata baƙin zane, tana ƙara kama da wadda ta tafi. Yaron da za a haifa nan gaba zai iya tsallaka ta kullum ya ɗauka ba abin da ya taɓa faruwa. Da an cusa tsofaffin duwatsun cikin sabon gini an shafe, da an taya ta wannan ɓoyon. Barin su a gefe, a karye, da ƙarfe a waje, shi ke hana gadar yin ƙarya. Na janye maganar gilashi. Abin da na riƙe kawai, ya kamata duk baƙon da ya sauko gaɓar nan ya san a kan me zai zauna kafin ya tuɓe takalmi, ba sai in yana da wa injiniya ba.

Washegari mota muka bi don mu tsaya a Yablanitsa, tsakanin Mostar da Sarayebo. A nan ma akwai gada a gaban gidan tarihi, amma ta jirgin ƙasa ce, ta ƙarfe, a karye, ta kifa kai cikin kwazazzabo an bar ta haka. Tana tuna yaƙin 1943, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da dakarun Tito, jagoran 'yan gwagwarmayar Yugoslabiya, suka fasa gadojin Neretba, sannan suka tsallakar da dubban masu rauni ta kan wata 'yar gadar katako da suka ɗaura a jikin ɓaraguzan. Na tsaya ina jinjina kai, sai Yaya ya gaya mini cewa ƙarfen da nake kallo ba na 1943 ba ne. An sake gina gadar daga baya, aka sake tarwatsa ta a ƙarshen shekarun 1960 don ɗaukar fim ɗin wancan yaƙin. A Mostar gada sabuwa ce, ɓaraguzan na gaske. A nan wurin na gaske ne, ɓaraguzan na fim. Mutane dai suna ta ɗaukar hoto, ni ma na ɗauka.

A cikin mota Yaya ya buɗe ɗan littafinsa yana gyara zane. Na leƙa. Shafi huɗu ya cika da ƙarfe mai lanƙwasa, da rami mai kusurwa huɗu, da 'yar hanyar darma da kibiya tana nuna inda take gangarawa. Bakan gizon ko sau ɗaya bai zana ba. Na ciro wayata ina duba nawa. Gadar daga gabas, gadar daga yamma, gadar daga hasumiya, gadar da fitilu, rututu. Na duwatsun gaɓa uku ne kacal, ɗaya ma ya yi dishi-dishi. A na ukun, can gefe, ga takalmana a ajiye a kai.